Idan Gubar Jini Ta Kama Tsokar Numfashi

 Sharhinmu na yau a kan wata tsoka ce guda ɗaya a jikin ɗan Adam, da kuma abin da ke samunta idan gubar jini ta kama mutum. Gubar jini ita ce likitoci ke kira safsis: ƙwayar cuta ta shiga wani sashe na jiki, huhu ko hanji ko mahaifa ko wani gyambo, jiki ya tashi yaƙarta, yaƙin ya wuce gona da iri har ya koma yana lalata gaɓoɓin mai shi. Idan aka tambayi yawancin mutane abin da ke kashe irin wannan majiyyaci, za su ce zazzaɓi, ko faɗuwar hawan jini, ko cikar huhu da ruwa. Duk gaskiya ne. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne akwai wani makashi da ba a cika kulawa da shi ba, wato gazawar tsokar da ke jawo iska, kuma wannan ilimi, wanda aka tono a manyan ɗakunan bincike na ƙasashen waje, ya fi amfani a wuri irin namu na Gadarif, inda na'urar taimaka wa numfashi ta yi ƙaranci, fiye da wuraren da aka tono shi.

Mu fara da girman abin. Wani babban lissafi da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2017 mutum kusan miliyan 49 ne suka kamu da gubar jini a duniya, miliyan 11 suka rasu, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar da suka mutu a shekarar. Nauyin ya fi sauka a kan ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara da kuma yara ƙanana. A wannan shekarar ta 2017 ce Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri na musamman a kan cutar. To, a jihar Gadarif ƙofofin da gubar jini ke shigowa ta cikinsu suna da yawa, kuma kowa ya san su. Akwai kala-azar, wadda wani ɗan mitsitsin ƙwaro ke yaɗawa, ƙwaron da ke fakewa a tsagogin baƙar lakar nan tamu da inuwar dushe da aduwa. Kala-azar tana kumbura saifa, ta tsotse jini, ta karya garkuwar jiki, amma sau da yawa wadda ke ƙarasa majiyyaci wata cuta ce da ta samu ƙofa a buɗe, kamar ciwon huhu ko gudawa ko tarin fuka, ta rikiɗe ta zama gubar jini. Akwai zazzaɓin bayan haihuwa. Akwai kwalara, wadda ma'aikatar lafiya ta sanar da ɓullarta a Gadarif a watan Satumba na 2023, ta sake dawowa a 2024. A kan wannan duka aka ɗora yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, da ambaliyar mutanen da suka tsero daga Khartum, sannan daga Madani a Disamba na wannan shekarar, sannan daga Sinja a tsakiyar 2024, bayan 'yan gudun hijirar Tigray da ke Um Rakuba da Tunaidba tun ƙarshen 2020 da farkon 2021. Asibitocin da aka gina don mutanen jiha ɗaya suka wayi gari suna ɗauke da na jihohi da dama.

Yanzu ga tsokar. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗa ya ga wata faffaɗar tsoka mai kamar kifaffiyar ƙwarya da ta raba ƙirji da ciki. Mu kira ta tsokar shamaki. Huhu ba ya jawo iska da kansa, domin ba shi da ƙarfin motsi. Wannan tsoka ce ke tsukewa ta sauka ƙasa, ƙirji ya buɗe, iska ta shiga, kuma tana yin haka wajen sau 20,000 a kowace rana, mutum na barci ko yana farke. Matsayinta matsayin hannun mai zuga ne a maƙera: zugazugi na iya zama lafiya lau, gawayi na nan, amma idan hannun ya gaji wuta ta mutu. A 1985 wasu masu bincike a Montreal ta ƙasar Kanada, Hussain da Simkus da Roussos, suka sa wa karnuka gubar ƙwayar cutar E. coli a jini, suka bar su suna numfashi da kansu, suna auna komai. Abin da suka gani ya girgiza fahimtar da ake da ita. Ƙwaƙwalwa ba ta daina aika umarni ba, saƙon da ke bin jijiya zuwa tsokar shamaki ƙaruwa ma ya yi ta yi, amma ƙarfin da tsokar ke bayarwa sai raguwa yake, har numfashi ya tsaya alhali zuciya na bugawa. Ana kira da babbar murya, tsoka ta kasa amsawa. Tambayar da ta biyo baya ita ce me ya toshe tsakanin kiran da amsar, kuma shekaru kusan 40 ke nan ana warware ta zare-zare.

Domin a gane amsar, sai an san cewa tsoka da lantarki take aiki, lantarki na gaske wanda ake iya aunawa. Kowane zaren tsoka yana lulluɓe da wani siririn tantani, a jikin tantanin kuwa akwai 'yan ƙofofi dubbai da ido ba ya gani, kowace da irin gishirin da take bari ya wuce. Akwai ƙofar sodiyam, gishirin da ke cikin gishirin miya, akwai ƙofar potasiyam, akwai ƙofar kalsiyam. Lokacin da tsoka ke hutawa, sodiyam ya fi yawa a waje, potasiyam ya fi yawa a ciki, wannan bambanci shi ke sa zaren ya zama a cike da caji, kusan milibolt 85 zuwa 90 ƙasa da sifiri. Da saƙon jijiya ya iso, ƙofofin sodiyam su buɗe cikin ƙiftawar ido, sodiyam ya kwarara ciki, tartsatsin lantarki ya bi tsawon zaren, ya taɓa wata ƙofar da ke buɗe rumbun kalsiyam na cikin zaren, kalsiyam ya fito, zaren ya tsuke. Daga nan sai ƙofofin sodiyam su rufe su ɗan huta, potasiyam ya mai da caji yadda yake, a kwashe kalsiyam a mai da shi rumbu, a jira kira na gaba. Hodgkin da Huxley ne suka fayyace sashen sodiyam da potasiyam na wannan tsari, a jikin jijiya, a Ingila a 1952, Neher da Sakmann na Jamus kuma suka samu kyautar Nobel a 1991 saboda sun gano hanyar sauraron ƙofa guda ɗaya tak tana buɗewa tana rufewa. Abu mafi muhimmanci ga maganarmu shi ne waɗannan ƙofofi ba dauwamammu ba ne. Zaren tsoka ne ke ƙera su, yana karanta tsarinsu daga ƙwayoyin gadonsa, yana sauya tsofaffi da sababbi, kuma yana iya rage wani iri ya ƙara wani iri gwargwadon halin da ya tsinci kansa.

A nan gubar jini ke yin ɓarnarta. A 1996 likita Mark Rich da abokan aikinsa a Amurka suka gwada tsokar majiyyatan da suka shanye a ɗakin kulawa ta musamman. Suka tsallake jijiya, suka sa wa tsokar lantarki kai tsaye, ta ƙi motsi. Tsokar tana nan, ba ta mutu ba, amma ta daina jin lantarki. Da suka bi sawun abin a jikin ɓeraye sai suka tarar da matsalar a ƙofofin sodiyam. Cajin hutun zaren ya ragu, ƙofofin kuma sun sauya hali, suna maƙalewa a yanayin rufewa ko da lokacin buɗewa ya yi. Sun kuma ga cewa zaren ya fara ƙera wani nau'in ƙofa da ba nasa ba. Ƙofar sodiyam ta tsokar baligi ana kiranta Nav1.4, amma sai ga Nav1.5, wadda aka sani a zuciya da tsokar ɗan tayi, ta bayyana, ita kuwa ta fi saurin maƙalewa a irin wannan caji. A Faransa, a garin Brest, wani rukuni ya nuna a 2007 cewa ɓerayen da suka daɗe da gubar jini kwararar sodiyam ta ragu a zaren tsokarsu, a Jamus kuma aka nuna a 2008 cewa ita kanta gubar da ke jikin ƙwayar cuta tana rage yawan ƙofofin sodiyam na ɗan Adam da ke shirye su buɗe. Sinadaran kumburi da jiki ke fitarwa yayin yaƙi da cuta, irin su TNF, su ma an kama su da hannu dumu-dumu a wannan aiki.

Ɓarnar ba ta tsaya a sodiyam ba. A ƙasar Sin an duba ita kanta tsokar shamaki ta ɓeraye masu gubar jini, aka buga a 2013 cewa an samu raguwar ƙofofi biyun da ke haɗa tartsatsin lantarki da rumbun kalsiyam, waɗanda ake kira DHPR da RyR1, kuma raguwar ta tafi tare da raunin tsokar. Ke nan ko da tartsatsin ya iso, kalsiyam ɗin da zai fito bai kai ba. A ƙasar Chile kuwa, a 2018, aka ba da rahoton wani abu da ya fi ba ni mamaki: zaren tsokar dabba mai gubar jini yana fara ƙera wasu manyan ƙofofi marasa tantancewa, daga dangin da ake kira konekzin, waɗanda lafiyayyen zaren baligi ba ya ɗauke da su. Waɗannan ba sa zaɓar gishiri, kowa wucewa yake, saboda haka caji ya yi ta zurarewa, kalsiyam ya taru inda bai kamata ba, ya tayar da sinadaran da ke cinye naman tsokar daga ciki. Idan aka haɗa waɗannan, hoton ya fito sarai. Ƙofofin da ake buƙata sun ragu ko sun maƙale, waɗanda ba a buƙata sun yawaita, kuma duk wannan na faruwa ne a daidai lokacin da zazzaɓi da tsamin jini da ciwon huhu suka tilasta wa tsokar ta yi aiki ninki biyu ko uku, jinin da ke kai mata abinci kuma ya ragu.

Wani mai ilimi zai ce, kuma yana da hujja, ai wannan labarin ɓera ne da kare, wani sashensa ma a tsokar ƙafa aka gano shi, ba a tsokar numfashi ba. Zai ƙara da cewa ƙofofin gishiri ba su kaɗai ba ne, akwai lalacewar ma'aikatar ƙarfi ta cikin zaren, akwai sinadarai masu ƙona nama, akwai narkewar naman tsokar kanta. Na yarda da wannan gaba ɗaya, kuma babu mai gaskiyar da zai ce an gama rarrabe kason kowane dalili a jikin mutum, domin ba a yankar tsokar shamakin majiyyaci don a ƙirga ƙofofinta. Amma a lura da abin da ake jayayya a kansa. Jayayyar a kan yadda raunin ke faruwa take, shi kansa raunin an auna shi a jikin mutane. A 2013 Demoule da abokan aikinsa a Faransa suka gwada majiyyata 85 a ranar farko da aka sa su a na'urar numfashi, ta hanyar zaburar da jijiyar tsokar da maganaɗisu, suka tarar kashi 64 cikin 100 tsokar shamakinsu ta riga ta yi rauni. Gubar jini na cikin manyan abubuwan da ke tafiya tare da raunin, masu raunin kuma sun fi mutuwa. Ranar farko fa. Wannan saurin shi ke ƙara wa bayanin ƙofofi nauyi, domin nama ba ya ramewa a cikin 'yan awoyi, amma ƙofa tana iya maƙalewa a cikinsu.

Ga yadda abin yake a ido, kuma ina roƙon iyaye mata da masu jinya su saurara da kyau. Lafiyayyen mutum idan yana kwance ya ja numfashi, cikinsa tasowa yake, saboda tsokar shamaki ta sauka ta tura kayan ciki. Idan tsokar ta gaza, sai a ga akasi: ƙirji na tashi, ciki na faɗawa. Jijiyoyin wuya su miƙe, kafaɗu su riƙa ɗagawa, ƙofofin hanci su riƙa buɗewa, majiyyaci ya kasa ƙarasa jimla ɗaya sai ya tsaya, ya ƙi kwanciya rigingine. A jikin yaro za a ga ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki duk jan numfashi, jariri kuma kansa na gyaɗawa tare da numfashin, ko ya riƙa nishi a ƙarshen kowane fitar iska, ya kasa kama nono. Mataki mafi hatsari shi ne na bayan wannan. Yaron da ya kwana yana haki sai ya yi shiru, numfashinsa ya yi ƙasa-ƙasa, barci ya ɗauke shi, gida ya ce alhamdu lillahi ya samu sauƙi. Sau da yawa tsokar ce ta kai ƙarshen ƙarfinta, gurɓatacciyar iskar da ya kamata ya fitar ta taru a jini tana sa shi magagi. Sauƙi na gaskiya yana zuwa ne da buɗe ido da neman nono ko ruwa. Shirun da ya zo da nauyin jiki da wuyar tashi, wannan na gaggawa ne.

Wani kuma zai ce, a ƙasar da ake yaƙi, asibiti na neman maganin zazzaɓin cizon sauro da auduga, wa ke da lokacin ƙofar sodiyam? Wannan tambaya ita ce zuciyar sharhin nan, kuma amsata ita ce attajirin asibiti ne ke iya yin sakaci da wannan ilimi. A Faris ko Riyad, idan tsokar majiyyaci ta gaza, akwai na'urar da za ta karɓi aikin har magani ya ci. A ƙauyen da ke tsakanin Doka da Galabat, a tsakiyar damina, lokacin da baƙar laka ta riƙe ƙafar tarakta balle ƙaramar mota, abin da majiyyaci ke da shi kaɗai shi ne sauran ƙarfin da ya rage a tsokarsa, kuma ƙarfin nan ƙarewa yake awa bayan awa. Ilimin ƙofofi yana gaya mana cewa agogo ya fara gudu tun kafin leɓe ya yi shuɗi. Saboda haka ƙirga numfashi ya zama babban aiki, ga shi kuwa ba ya buƙatar komai sai agogon waya da minti ɗaya cikakke. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a fili yake: jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti ya yi yawa, daga wata 2 zuwa shekara 1, numfashi 50, daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40. Ga babba mai zazzaɓi, ma'aunin gaggawa da likitoci suka fitar a 2016 ya ɗauki numfashi 22 a minti a matsayin alamar hatsari, tare da rikicewar hankali da faɗuwar hawan jini zuwa 100 ko ƙasa. Wanda ya ga haka da la'asar bai kamata ya jira safiya ba, kuma da an isa asibiti maganin kashe ƙwayar cuta ne na farko, domin muddin tushen cutar na nan, sinadaran da ke lalata ƙofofin ba za su daina kwarara ba.

Akwai wani fanni da wannan ilimi ya shafe mu kai tsaye fiye da Turai. Ƙofa ko lafiyarta ƙalau ba ta da amfani idan babu gishirin da zai wuce ta cikinta. Amai da gudawa suna kwashe potasiyam daga jiki, kwalara kuwa ta fi kowa. Yaron da tamowa ta kama jikinsa a ƙarance yake da potasiyam da magniziyam da fosfet tun kafin wata cuta ta zo, mai kala-azar da ya yi watanni yana ramewa shi ma haka. Tun 1985 Aubier da abokansa suka nuna a mujallar New England cewa majiyyata masu ƙarancin fosfet tsokar shamakinsu ba ta da ƙarfi, da aka cike gurbin kuma ƙarfin ya ƙaru. To, a ɗora gubar jini a kan jikin da gishirinsa ya riga ya zube, a ga inda aka kwana. Wannan ne dalilin da ya sa ƙunshin gishiri da sukari na asibiti yake ɗauke da potasiyam, madarar F-75 da ake ba yara masu tamowa ma haka, kuma shi ya sa ake fara ciyar da wanda ya daɗe da yunwa sannu a hankali, don abinci mai yawa farat ɗaya yana jan fosfet daga jini. Asibitin da ke da na'urar auna gishirin jini da sinadaran da take aiki da su ya mallaki abin da ke ceton numfashi. Sai dai in ja kunne: allurar potasiyam ba abin wasa ba ce, idan ta yi yawa ko ta yi sauri tana tsayar da zuciya, aikin ma'aikacin lafiya ne kawai.

Haka nan batun ƙarin ruwa. Mutanenmu sun ɗauki ƙarin ruwa tamkar shi ne jinya, har dangi kan ga an yi musu rowa idan ba a rataya leda ba. Ga mai kwalara da ya bushe, ruwa shi ne rai, wannan ba a jayayya. Amma ga mai gubar jinin da bai yi asarar ruwa ba, lissafin ya bambanta. Gwajin FEAST da aka yi a Kenya da Uganda da Tanzaniya, aka buga a 2011, ya ƙunshi yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani, kuma waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa cikin awa 48, kusan kashi 10.5 cikin 100, a kan kashi 7.3 na waɗanda ba a ɗura wa ba. A Lusaka ta Zambiya, gwajin da aka buga a 2017 a kan manya ya nuna kashi 48 sun mutu cikin waɗanda aka bi tsarin ruwa mai yawa a kansu, kashi 33 cikin waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba. Masana na muhawara a kan dalilan, amma a Lusaka an lura cewa wahalar numfashi ta fi tsananta ga waɗanda aka ɗura wa ruwa da yawa, kuma kusan babu na'urar da za ta tallafe su. Ruwan da ya wuce kima yana jiƙa huhu ya yi nauyi, tsokar da ƙofofinta suka riga suka lalace ce kuma za ta ɗaga wannan nauyi. Idan likita ya rage gudun ruwa yana duban ƙirjin majiyyaci, a bar shi ya yi aikinsa.

Sai masu cewa a sayo na'urorin numfashi kawai a huta. Babban asibitin koyarwa na Gadarif ya cancanci ɗakin kulawa ta musamman mai cikakken kayan aiki, ba na musun haka ko kaɗan. Amma na'ura tana son wutar da ba ta ɗaukewa, da oksijin, da ma'aikacin jinya da ba ya barin gefen gado, kuma ita ma tana da nata cizon. Levine da abokan aikinsa sun nuna a 2008 cewa tsokar shamakin mutanen da na'ura ta yi wa numfashi gaba ɗaya na awa 18 zuwa 69 zarenta ya ragu da fiye da rabi a kauri. Tsokar da aka hutar gaba ɗaya lalacewa take, wadda aka bari da kaya fiye da ƙarfinta ma haka, fasahar likita ita ce samun tsakiya. Tsakiyar nan kuwa wani lokaci da araha ake samunta. A Daka ta Bangladesh, a 2015, wata na'ura mai sauƙi da ke tura oksijin ta hanci tare da ɗan matsi, wadda bututunta ke nutse cikin gorar ruwa yana kumfa, ta rage mutuwar yara masu ciwon huhu mai tsanani zuwa kashi 4 cikin 100, a kan kashi 15 na masu samun oksijin zalla. A Malawi, a 2019, inda aka yi amfani da irinta ba tare da likita na dubawa kullum ba, mutuwa ta ƙaru. Maƙwabtanmu na Habasha sun gwada ta a asibitocin gundumomi ƙarƙashin kulawar likitoci, suka buga sakamako mai kyau a 2024. Darasin a bayyane yake ga duk mai rabon kuɗin lafiya, gwamnati ko ƙungiyar agaji: kafin a yi maganar manyan na'urori a fara da na'urar tace oksijin mai aiki da hasken rana, wanda Allah ya wadata mu da shi, da ɗan ma'aunin oksijin na yatsa a kowace cibiyar lafiya, da horar da ma'aikatan da za su zauna.

Akwai albishir a cikin wannan ilimi, kuma ya kamata a faɗe shi. Lalacewar ƙofa ba mutuwar tsoka ba ce. Rukunin Rich ya nuna a 2009 cewa jijiyoyin ɓeraye masu gubar jini da suka daina ɗaukar saƙo saboda maƙalewar ƙofofin sodiyam sun farfaɗo bayan cutar ta wuce. Zaren da ya sauya irin ƙofofin da yake ƙerawa yana iya komawa kan na asali. Sai dai naman da ya narke yana ɗaukar makonni ko watanni kafin ya dawo. Saboda haka magidancin da aka sallamo bayan gubar jini, ya ga ba ya iya ɗaga buhun dawa ko ya yi yinin yankan riɗi ba tare da haki ba, kada a ce masa raggo, kada shi ma ya ɗauka sammu ne. Matar da ta tashi daga zazzaɓin haihuwa kada a mai da ta kan turmi da tulu a makon farko. Abinci mai gina jiki, tashi zaune da wuri, tafiya kaɗan-kaɗan ana ƙarawa, su ne maganin wannan mataki.

Abu na ƙarshe ga malamanmu na jami'a ne. Gadarif ba baƙuwar bincike ba ce. A asibitin Kassab aka yi wani sashe na gwajin da ya kai ga haɗa allurar SSG da paromomaisin, wanda ya rage jinyar kala-azar daga kwana 30 zuwa 17, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi don gabashin Afirka a 2010. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana jinyar dubban masu cutar a Um el Kher da Tabarak Allah. Kusan duk abin da na ambata a kan tsokar numfashi kuwa daga majiyyatan Turai da Amurka aka samo shi, mutanen da ba su zo asibiti da kumburarriyar saifa tana tokare tsokar daga ƙasa ba, ba su zo da jinin da ya ragu rabi ba, ba su zo da watanni na yunwa ba. Na'urar hoton ciki da ake duba saifa da juna biyu da ita tana iya nuna motsin tsokar shamaki da kaurinta a cikin 'yan mintoci, ba yanka, ba allura. Ɗaliban likitanci na Jami'ar Gadarif da cibiyar jinyar kala-azar ta Doka suna iya ɗora ta a haƙarƙarin kowane mai kala-azar da ya zo da zazzaɓi da haki, su rubuta abin da suka gani tare da adadin numfashinsa da gishirin jininsa, su bi shi har ranar sallama.